Mai ƙidayar tsuntsaye, lafiyar ruwanmu yake dubawa

Ina gaida mutanen Sarkin Yamma, da na Safo da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa, har zuwa Madarunfa da birnin Maradi.

Sharhinmu na yau a kan wata sana'a ne wadda ba a cika saninta ba a wajenmu, wato aikin masanin halittu mai fita daji yana bin tsuntsayen bakin ruwa, yana ƙirga su, yana rubuta halin da suke ciki. Na san wani zai ce: malam, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, ka zo mana da zancen tsuntsu? Wani kuma ya ce ai wannan aikin mutanen bakin teku ne, mu Nijar ko teku ba mu da shi. Ku ba ni aron kunnuwanku, domin ina da yaƙinin cewa maganar ta shafi tukunyarmu da rijiyarmu kai tsaye.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Babu yaron da ya tashi a ƙasar Katsinar Maradi bai san shamuwa ba. Idan ta sauka a kan itatuwan gari ta fara tara kirare, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Ana girmama ta, ba a jifarta, ba a taɓa sheƙarta. Idan kaka ta yi sai a wayi gari babu ita. Ina take zuwa? Kakanninmu sun yi ta wannan tambaya. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga ƙasar Denmak suka ɗaura wa shamuwoyi a nan Nijar 'yan na'urori masu aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, suka bi sawunsu har gabashin Afirka, har ƙasar Tanzaniya. Ashe baƙuwar da ke ƙyanƙyasa a kan itacen ƙofar gidanka, ta fi yawancinmu sanin duniya.

To, yayin da shamuwa ke barinmu, waɗansu baƙi ne ke isowa daga arewa. Daga watan Satumba zuwa Oktoba, tsuntsayen da suka yi ƙwai a Turai da Rasha, har can Saiberiya inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, sukan gudo wa sanyi. Wani rukuni ya bi gaɓar tekun Atlantika, ya yada zango a tekun Wadan da ke tsakanin Holan da Jamus da Denmak, ya ci ya yi ƙiba, sannan ya gangaro zuwa Banc d'Arguin a Muritaniya, inda ake samun tsuntsayen gaɓa kimanin miliyan 2 a lokacin ɗari, wasu su zarce tsibiran Bijagos na Gini Bisau. Wani rukunin kuwa ya ratsa Bahar Rum, ya ratsa Sahara, ruwan farko da zai gani bayan hamada shi ne namu: kogin Kwara, tafkin Chadi, fadamun Haɗeja da Nguru, tafkin Tabalak, tafkin Gidimuni, da tafkinmu na Madarunfa. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da siririn baki da kake gani suna caccakar laka a bakin tafki cikin watan Janairu, tare da agwagin ruwa masu tashi garke-garke, da yawansu daga can suka fito. Suna cuɗanya da namu na gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela da ƙeƙuwa, har zuwa watan Maris ko Afrilu, sannan su juya.

Yadda ɗan'adam ya gano wannan tafiya abin al'ajabi ne. A shekarar 1822, a wani gari a arewacin Jamus, aka harbo wani babban farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa, sai aka ga mashi na mutanen Afirka soke a wuyansa. Da shi ya ƙetare hamada da teku. Har yau gawar tsuntsun na ajiye a jami'ar Rostok. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci zoben ya sanar da inda ya same shi. Yanzu da na'urorin zamani, a 2022 an bi wani ɗan tsuntsun gaɓa da bai wuce wata biyar da ƙyanƙyasa ba, ya tashi daga Alaska ya sauka a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, tafiyar kilomita 13,560 cikin kwana 11, bai sauka ko sau ɗaya ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya halicce shi.

Duk wannan sani daga hannun mutanen da nake magana a kansu ya fito. Bari in bayyana muku yadda aikin yake.

A bakin teku, agogon ma'aikaci shi ne cikowa da janyewar ruwa. Idan teku ya janye, tsuntsaye kan bazu a kan laka mai faɗin kilomitoci suna neman tsutsa da ƙananan dodon koɗi, ba mai iya ƙirga su. Sai ruwa ya ciko ya koro su, sun taru wuri guda suna hutawa, sannan ake ƙidaya. In ruwan ya janye kuma, ma'aikacin ya shiga laka har gwiwa, ya ɗebo ta da bututu, ya tace da rariya, ya ƙirga abincin da ke ciki, domin ya san ko wurin zai iya ci gaba da ciyar da baƙinsa. Da dare a kafa raga mai laushi, a kama 'yan kaɗan, a auna nauyi da tsawon fiffike, a sa zobe, a sake su.

A wajenmu babu cikowar teku, amma akwai damina da rani, kuma ka'idar ɗaya ce. Ma'aikaci ya yi asubanci, ya isa bakin tafki kafin rana ta ɗaga, tun ƙura da hazo ba su rufe ido ba. Ya kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku. Idan garken ƙarami ne ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Idan babba ne ya ƙirga goma, ya riƙe girman goman nan a idonsa, ya riƙa aza shi a kan sauran, goma-goma, ko hamsin-hamsin, ko ɗari-ɗari. Kowane iri da layinsa a littafi. Ya rubuta inda ruwa ya tsaya, da irin ciyawar da ta fito, da yawan kwale-kwale da komar da ya gani, da inda lambuna suka kai. Baɗi kuma ya dawo wuri guda, a lokaci guda, ya yi daidai yadda ya yi bana. Ƙidayar shekara ɗaya ba ta gaya maka komai. Sai an jera ta shekara goma, ashirin, talatin, sannan take buɗe baki.

Shi ya sa tun 1967 ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar watan Janairu na kowace shekara, ƙarƙashin ƙungiyar da yanzu ake kira Wetlands International. An zaɓi lokacin ne domin a sa'ilin tsuntsayen sun natsu a masaukinsu, ba za a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu ba. A nan Nijar ma'aikatan gandun daji ne ke ɗaukar nauyin wannan fita, kuma a shekarun 1990 masu bincike irin su Joost Brouwer da Wim Mullié sun zagaya tafkunan ƙasar nan tare da su suna wannan aiki.

Aiki ne mai wuya, kada wani ya ɗauka yawon buɗe ido ne. Akwai sauro, akwai tsargiya a ruwan da ake shiga, akwai sanyin asuba da zafin hantsi. Kuɗin aikin yawanci na ɗan lokaci ne, in shirin da ya kawo su ya ƙare, sai ma'aikaci ya koma neman wani. A yankinmu kuma an sami ƙarin nauyi: halin da dajin kan iyaka ke ciki ya sa duk wanda aka gani da madubin hangen nesa sai an yi masa kallon tuhuma, kuma akwai wuraren da mai hankali ba zai shiga ba. Sannan ga maganar mutane. Wani ya ce wannan ba shi da aikin yi. Wani ya ce tsuntsu na Allah ne, wa ya isa ya ƙirga shi? Ga mai wannan magana ina tunatar da shi ƙissar da ke cikin Suratun Namli, inda Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya binciki rundunar tsuntsaye har ya lura cewa alhudahuda ba ya nan. Lura da halittar Allah da sanin wadda ta ɓace, aiki ne mai asali.

Yanzu ga zuciyar maganar. Me wannan ƙidaya ta amfana wa mai lambu a Jiratawa ko masunci a Madarunfa?

Tsuntsun ruwa ba ya zama inda babu abinci. Abincinsa kuwa tsutsa ce da ƙwari da 'ya'yan ciyawa da ƙananan kifaye, wato abin da tarwaɗa da karfasa ke rayuwa a kai. In tafki ya fara cikewa da yashi, ko magani ya gurɓata shi, ko ciyawa ta shaƙe shi, tsuntsu ne ke fara nunawa, domin shi yana da fiffike, yana iya ƙaura. Masunci sai bayan shekaru yake gane cewa komarsa ta yi sauƙi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan garken da ke sauka kowace shekara ya ragu da rabi, akwai dalili, kuma dalilin nan zai iso gidanmu ko ba daɗe ko ba jima.

Tarihi ya tabbatar da haka. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke yin ɗari a ƙasashenmu, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi diddigi sai aka gano ƙarancin ruwan sama ne a Sahel ya kashe su. Farin nan ne ya ci gaba har ya kai mu ga yunwar 1973 da 1974, wadda dattawanmu ba su manta ba. Tsuntsaye sun kai labarinmu Turai tun kafin duniya ta waiwaye mu. Haka kuma a shekarun 1960 masana suka lura ɓawon ƙwan shaho da danginsa ya yi laushi yana fashewa, aka bi sawu aka tarar maganin ƙwari ne mai suna DDT, har Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Mu da ke sayen maganin feshi a kasuwa, wani ko takardar bayani babu a jikinsa, muna wanke tulun feshi a bakin ruwan da dabbobinmu ke sha, wannan darasi namu ne.

Akwai kuma maganar cuta. A farkon 2006 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kafin watan Fabrairu ya ƙare ta iso Magarya. A watan Janairun 2021 an tsinci gawar kwasakwasa kusan 750 a gandun Juj na ƙasar Senegal, kuma ma'aikatan da ke sintiri a wurin ne suka fara gani. Mai kiwon kaji da zabi a Sarkin Yamma yana da buƙatar a sami idon da ke kallon bakin tafki, wanda zai sanar da likitan dabbobi da wuri.

Abu na uku shi ne hujja. A ranar 2 ga Fabrairu 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna a garin Ramsar na Iran, Nijar ta shiga a 1987. Daga cikin ma'aunan da ake bi wajen sa wuri a jerin masu muhimmanci ga duniya, akwai cewa yana karɓar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kuma kashi 1 cikin 100 na wani iri. Ba a kai wannan magana gaban taro da baki, sai da littafin ƙidaya. A watan Disamban 2019 tafkin Madarunfa da na Gidimuni suka shiga jerin. Tafkin da muka sani da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, yanzu sunansa na cikin kundin duniya. Amma suna a takarda ba ya hana yashi gangarowa. Abin da zai sa sunan ya yi amfani shi ne a ci gaba da aunawa, a riƙa nuna wa masu mulki da masu ba da tallafi abin da ke canjawa, da lamba da kwanan wata.

Ku dubi maƙwabtanmu. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai. Shirin kare fadamun da aka kafa a 1987 ya yi ta tattara bayanai a kan tsuntsaye da faɗin ruwa da kifi da noma da kiwo. Da irin waɗannan bayanai masana tattalin arziki suka nuna cewa ruwan da aka bari ya gangara fadama ya fi kawo amfani a kan wanda aka tsare don manyan gonakin ban-ruwa. Mu ma gulbinmu daga Najeriya yake fitowa, ya ratsa Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya haɗu da Rima, kuma akwai madatsar Jibiya a samansa. Ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da wannan gulbi. Ranar da wakilinmu zai zauna a teburin irin wannan magana, abin da zai ƙarfafa bakinsa shi ne rubutaccen tarihin ruwanmu, shekara bayan shekara.

Ba na ɓoye cewa akwai ƙorafi na gaskiya. Manomi zai ce jan-baki na cinye masa gero da dawa, masunci ya ce zalɓe da danginsa na rage masa kifi. Ɓarnar jan-baki gaskiya ce, kuma masanin tsuntsaye ne ya fi kowa iya gano inda suke kwana da inda suke sheƙa, domin a yaƙe su ba tare da an zuba guba a ruwan sha ba. Amma ƙananan masu caccakar laka ba ruwansu da zangarniya. Shamuwa da belbela kuwa fara suke ci, ma'aikata ne a gonarka da ba ka biya. Wanda ya zuba guba a bakin tafki don ya kwashi agwagi ya kai kasuwa, ya cuci mai saye, ya cuci kifi, ya cuci ɗansa da zai sha ruwan.

Kuma abin da aka yi sakaci da shi yana iya ƙarewa ƙurmus. Akwai wani tsuntsun gaɓa mai siririn lanƙwasasshen baki da ke yin ɗari a arewacin Afirka. Ganin ƙarshe da aka tabbatar an yi masa shi ne a Maroko, a watan Fabrairun 1995. A 2024 masana suka bayyana cewa ya ƙare a duniya. Farauta da busar da fadamu ake zargi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: yawancin abin da aka rubuta game da tsuntsayen ƙasarmu baƙi ne suka rubuta shi. Mun gode musu, sun yi aikin kirki. Amma baƙo na zuwa mako biyu ya tafi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake yoyo. Tsohon masunci a Madarunfa ya san shekarar da gauraka ta daina sauka a wuri kaza, ya san inda ruwa ke kaiwa a zamanin ƙuruciyarsa. Makiyayi ya san tafkin da ke riga ƙafewa. Wannan ilimi ne, kuma kullum muna binne shi tare da masu shi. A Najeriya an kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos a farkon shekarun 2000, ta yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, waɗansunsu yau su ke jagorantar wannan aiki a ƙasashensu. Mu ma muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maradi, mai sashen noma da muhalli, kuma tafkin na nan kusa da ita, tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Kada kuma wani ya ce talaka ba zai iya ba. A jihar nan ce, tun daga 1983, manoma suka rungumi dabarar barin kututture ya toho a gona suna yi masa sassabe, har aka kiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar da itatuwa kimanin miliyan 200. Masana daga nesa suka zo koyo a wurin manoman Maradi. Mutanen da suka yi wannan, riƙe littafin tafkinsu ba zai gagare su ba.

Saboda haka ga kirana. Ga hukumomin ƙananan hukumominmu da ma'aikatar muhalli: a sa ƙidayar watan Janairu cikin kasafin kowace shekara, ko tallafin waje ya zo ko bai zo ba, domin shekarar da aka tsallake ba ta dawowa. A ajiye kwafin sakamakon a Madarunfa, a kuma karanta shi da Hausa a rediyo, kowa ya ji. Ga sarakunanmu da masu gari da sarkin ruwa: in ma'aikacin ya zo da takardarsa ya gabatar da kansa, a karɓe shi, a haɗa shi da dattijon da ya san wurin, a kuma tsawatar a kan zuba guba da kwasar ƙwai. Shi ma ma'aikacin ya fara da ƙofar mai gari, in ya gama ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Ga malaman makaranta: ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar fadamu ta duniya, ku fita da yara bakin ruwa mafi kusa, su rubuta sunayen tsuntsaye da Hausa daga bakin kakanninsu. Ga masunta da mafarauta: wanda ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa, ya kai zoben ga ma'aikatan gandun daji, ya faɗi wuri da rana. Wanda ya ga tsuntsaye sun mutu da yawa wuri guda, kada ya taɓa, kada ya ci, ya sanar nan take.

Ga matasanmu kuwa, maza da mata, masu neman abin da za su karanta: wannan fage ne da ke buƙatar ku. Yana son haƙuri da gaskiya wajen rubuta abin da ido ya gani, ba ƙari ba ragi. Ba zai sa ku kuɗance da wuri ba, amma za ku zama shaidun ruwan da al'ummarku ke rayuwa a kansa. Iyaye, in ɗanku ko 'yarku suka nuna sha'awar wannan karatu, ku sa albarka, ku ƙarfafa musu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mana gulbinmu da tafkinmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.